Katangar Vougeot: yadda gonar inabi ɗaya ta koma hannun mutum 80

A gabashin Faransa, a yankin Bourgogne, ƙasa da kilomita 20 kudu da birnin Dijon, akwai wani ƙauye da ake kira Vougeot. Mutanensa ba su wuce 200 ba, faɗin ƙasarsa kuma bai kai murabba'in kilomita ɗaya ba. Fiye da rabin wannan ƙasa tana cikin katangar dutse guda, wadda ta kewaye gonar inabi mai hekta 50 da ɗoriya. Sunan gonar Clos de Vougeot. Can saman gonar, inda gangare ya fara tashi, akwai wani katafaren gini, wani sashe nasa sito ne, wani sashe kuma fada.

Giya ake yi da inabin wannan gona, mu kuwa galibinmu addini ya haramta mana ita, ba kuma tallarta na zo yi ba. Abin da ya ja hankalina shi ne labarin ƙasa da gini da gado. Katangar nan tana tsaye kusan shekara 700, iyakarta ba ta gusa ba, sunanta bai canza ba. Amma gonar da a da hannu ɗaya ke riƙe da ita, yau masu ita sun kai kimanin 80, dukkansu suna sayar da amfaninsu da suna ɗaya. Wanda ya fahimci yadda aka yi haka ya fahimci rabin rikicin da ke tattare da darajar gonakin Bourgogne.

Tushen labarin ba a Vougeot yake ba. A shekarar 1098 wani shugaban sufayen Kirista mai suna Robert na Molesme ya fita da mabiyansa suka kafa gidan ibada a Cîteaux, kilomita goma da 'yan kai gabas da Vougeot. Sun zaɓi wurin ne don kaɗaici: daji ne da fadama, babu jama'a. Aƙidarsu ita ce addu'a da aikin hannu, su ci daga guminsu. Sai dai suna buƙatar ruwan inabi, don ibadar cocinsu ba ta yiwuwa sai da shi, ƙa'idar zamansu kuma ta ba kowane sufi ɗan awonsa na yini, ga baƙi da marasa lafiya. Ƙasar Cîteaux kuwa ta cika damshi, inabi ba ya son ta. Sai suka bi rafin Vouge sama zuwa inda yake ɓuɓɓugowa a gindin tudu. Daga sunan rafin ne ƙauyen ya samo nasa.

Ba dare ɗaya suka mallaki hekta 50 ba. Tun wajen 1110 masu ƙasa na yankin suka fara ba su 'yan filaye kyauta, don neman lada da addu'a. Daga nan sai saye da musanya: su ba da wani fili da ke nesa, su karɓi wanda ke maƙwabtaka da nasu. Sun shafe fiye da shekara 200 suna wannan haɗe-haɗe, kuma shekarar 1336 ce aka fi ambata a matsayin lokacin da katangar ta gama kewaye gonar da girmanta na yau. Wannan batu yana da muhimmanci ga abin da zai zo a gaba. Ba bin nau'in ƙasa katangar ta yi ba. Abin da sufayen suka iya tarawa ta bi, har zuwa inda hanya ko ƙasar wani ta tsayar da su.

Su wa suka yi noman? Sufayen da ke karatu da addu'a a coci, masu farar riga, ba sa iya nisa da Cîteaux, domin ibadarsu sau da yawa ce a yini. Saboda haka tsarin nasu ya samar da wani rukuni na 'yan'uwa ma'aikata, galibi 'ya'yan talakawan karkara, waɗanda suka yi alkawarin zaman sufanci amma aikinsu gona ne da kiwo da gini. Su ne ke kwana a Vougeot, ƙarƙashin wani jami'i mai kula da sito. Daga baya, da yawansu ya ragu a ƙarni na 13 da na 14, sai aka koma ga 'yan ƙodago da manoman da ke noma a raba amfani. A ganina wannan ne dalilin da ya sa Vougeot bai taɓa girma ba. Ƙauyen da mafi kyawun ƙasarsa ke hannun mai gida ɗaya, wanda kuma ba a garin yake zaune ba, ba shi da abin da zai tara jama'a da shi. Maƙwabcinsa Nuits-Saint-Georges ya zama gari mai kasuwa da 'yan kasuwa, shi kuwa Vougeot ya tsaya a matsayin 'yan gidajen da ke bakin ƙofar gona.

Ginin da ke saman gonar, in ka bi shi daki-daki bisa shekarunsa, shi da kansa yake ba da labarin.

Mafi tsufa shi ne siton, na ƙarni na 12. Tsawonsa mita 27 ne, faɗinsa mita 16. Ginshiƙan dutse takwas ne ke riƙe da rufinsa na manyan katakai. Ba a haƙa shi cikin ƙasa ba kamar yadda aka saba da ma'ajiyar giya a Turai. A kan doron ƙasa yake, amma bangonsa mai kauri ne, tagoginsa kuma 'yan sirara, dogaye, ta yadda za a buɗe ko a toshe su gwargwadon yanayi. Da wannan dabara kaɗai ake tsare sanyin ciki, zafin bazara bai shiga ba, sanyin hunturu bai daskarar ba. Ana cewa yana ɗaukar ganga 2,000, gangar Bourgogne kuma lita 228 take ci. Babu ado ko ɗaya a jikinsa. Wannan ba talauci ba ne, aƙida ce: Bernard na Clairvaux, wanda ya fi kowa suna a cikin sufayen Cîteaux, ya yi kaurin suna wajen sukar zane-zane da sassaƙe-sassaƙe a gidajen ibada, yana ganin suna ɗauke hankali. Abin da ya rage wa maginin ya nuna gwanintarsa da shi shi ne daidaiton awo da kyawun sassaƙar dutse, kuma ya nuna. A saman siton ne ɗakin kwanan 'yan'uwa ma'aikata yake, ƙarƙashin wani dogon rufi da aka ɗaure da katako, wanda har yau masu ziyara ke ɗaga kai suna kallo. Ma'aikaci yana barci a kan abin da ya noma.

Kusa da siton akwai wurin matsa. Rumfuna huɗu ne dogaye da suka kewaye 'yar tsakar gida, kamar yadda ake tsara farfajiyar gidan sufaye, rufinsu ya sauko ƙasa-ƙasa. A ciki akwai manyan gangunan katako da ake zuba inabi ya tsumu, da injinan matsa huɗu na katako zalla. Kowane inji gungumen itace ne ƙato, wanda aka haɗa da wasu gungumen don ya yi nauyi, kansa ɗaya a kafe, ɗaya kan kuma yana haɗe da wani murɗaɗɗen sanda mai zare kamar na kusa. A jibge inabi a kan faffaɗan daɓen katako, a jera alluna a kai, sai ƙarti su kama sanda su yi ta zagayawa, gungumen yana saukowa a hankali, ruwan yana bin kwararo zuwa cikin kwatarniya. A sassauta, a sare gefen tukar da ta baje, a mayar da ita tsakiya, a sake matsawa. Injin huɗu a wuri ɗaya yana gaya maka girman aikin: inabi in ya nuna ba ya jira, dole a tsinke hekta 50 a matse cikin 'yan kwanaki.

Sai shekarar 1551, bayan kimanin shekara 400 da gina siton, shugaban Cîteaux na lokacin, Jean Loisier, ya ƙara sashen da ya sa ake kiran wurin fada. Salon ginin sabo ne na zamanin, wanda ya shigo daga Italiya: manyan tagogi masu murabba'i, ƙofa mai ado, hasumiya a kusurwa, ɗakunan saukar baƙi masu murhu, da madafa mai faɗi. Ka tsaya a tsakar gidan, inda rijiya take, ka dubi hagu da dama. Gefe ɗaya bango ne mara ado mai 'yan tagogi kamar tsaga, ɗaya gefen kuma gidan mai mulki. Tsakanin gine-ginen biyu sufayen sun tashi daga masu noma don bukatar kansu sun zama manyan masu dukiya da ke karɓar sarakuna da manyan coci. Ban ga laifin Loisier a matsayinsa na magini ba, don bai rushe tsohon ya ɗora sabo ba, jingina shi ya yi da shi. Amma fadar shaida ce cewa gonar ta riga ta zama abin nuna isa.

Gidajen ƙauyen kansa ba su da wannan girma. Irin na manoman inabi ne na yankin: bangon farin dutse da aka haƙo nan kusa, rufi mai tsini, ma'ajiya a ƙasa, ɗakunan zama a sama, matakalar dutse a waje. Ɗaya daga cikin 'yan gonakin da ke wajen katangar, La Perrière, tsohon wurin fasa dutse ne.

Yawancin masu ba da wannan labari suna cewa juyin juya halin Faransa ne ya farfasa gonar. Ba haka abin ya faru ba, kuma kuskuren yana ɓoye ainihin dalili. Gaskiya ne a watan Nuwamba na 1789 majalisa ta mayar da dukiyar coci ta ƙasa, aka ƙwace Vougeot daga hannun sufayen bayan kusan shekara 680, aka yi gwanjonta a 1791. Amma dunƙule aka sayar da ita. Wanda ya fara saye, wani ɗan kasuwar Paris, ya kasa biya. Ta bi ta hannun masu banki, har a 1818 ta faɗa hannun iyalin Ouvrard, wanda ubansu ya yi kuɗi da kwangilar ciyar da sojojin Faransa a zamanin Napoleon. Ɗansa Julien-Jules Ouvrard ya riƙe ta har rasuwarsa a 1861, magadansa kuma suka ci gaba da riƙe ta tare. Wato shekara kusan 100 bayan juyin, Clos de Vougeot tana nan gona ɗaya, mai sito ɗaya.

Ƙwaro ne ya karya ta. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai suna filoksera, wanda ya shigo Turai daga Amurka a jikin dashen inabi, ya bayyana a kudancin Faransa a shekarun 1860, ya iso gonakin wannan yanki a 1878. Saiwa yake ci a ƙarƙashin ƙasa, kafin manomi ya ga ganye ya yi rawaya aikin gama ya gama. An gwada feshin guba cikin ƙasa, abin ya yi tsada kuma bai warkar ba. Maganin da ya tsaya shi ne aure, irin wanda ake yi wa mangwaro: a ɗauki reshen inabin Faransa a ɗora a kan saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Ma'anar wannan ita ce a tumɓuke gona gaba ɗaya, a sake dasawa, a jira shekaru kafin a ga amfani. Magadan da ke zaune nesa, kowa da bukatarsa, ba su da niyyar zuba irin wannan kuɗi. A 1889 suka sayar, kuma a karon farko aka raba gonar tsakanin masu saye shida, 'yan kasuwar giya na yankin.

Daga nan ne dokar gado ta sami abin kamawa. Dokar farar hula ta 1804 ta wajabta wa Bafaranshe ya bar wa dukkan 'ya'yansa rabo, ba kamar Ingila ta wancan zamani ba inda babban ɗa kan ɗauke ƙasa duka. Muddin gonar na hannun mai kuɗi ɗaya da ke da wasu kadarori, ana iya ba wani ɗa gida, wani kuɗi, gona ta tsira. Da ta koma hannun iyalai da yawa waɗanda ita ce babbar dukiyarsu, sai kowace mutuwa ta zama sabon rabo. Duk wanda ya ga yadda gandun gida ke komawa 'yan gayauni bayan rasuwar mai gida ya san wannan hanya. Shida suka zama goma sha wani abu, suka zama arba'in, suka kai inda ake yau. Mafi girman mai rabo, wani gidan noman inabi mai suna Château de la Tour, hekta biyar da ɗoriya ne da shi. Wasu kuwa 'yan layuka ne kawai. In ka bi babbar hanyar da ta wuce ta gindin gonar, za ka ga ƙofofi a jikin katangar, kowace da sunan wani gida a sassaƙe a samanta. A ciki babu shinge tsakanin rabo da rabo. Sai dai ka lura wannan layin an nome shi da garma, na kusa da shi an bar ciyawa, wancan an yi masa aski ƙasa-ƙasa, ka gane hannu ya canza.

Yanzu ga inda matsalar take. Ƙasar da ke cikin katangar ba iri ɗaya ba ce. A sama, kusa da fadar, ƙasa ce mara zurfi mai tsakuwa a kan farin dutse, ruwa ba ya kwanciya, kuma tana iyaka da Musigny da Grands Échezeaux, gonaki biyu da ke sahun gaba a duk Bourgogne. A tsakiya yumɓu ya ƙaru, amma da sauran duwatsu. A ƙasa, bakin hanya, wurin ya kwanta, ƙasar ta yi zurfi da nauyi, tana riƙe ruwa, sanyin farkon bazara kuma ya fi sauka a nan. Inabin pinot noir, wanda shi ake shukawa, kuma wanda tun 1395 sarkin yankin Philippe le Hardi ya fifita shi da doka a kan nau'in gamay, tsiro ne da ke nuna bambancin ƙasa fiye da yawancin 'yan'uwansa. A ƙauyukan maƙwabta, gonakin da ke daidai wannan layi na bakin hanya ƙaramin matsayi ake ba su a tsarin darajar gonaki. A Vougeot kuwa babban matsayi ya sauko har bakin kwalta.

Lokacin sufaye wannan bai zama damuwa ba, domin mai sito ɗaya ne ke da sama da tsakiya da ƙasa. A shekarar fari, ƙasan gonar mai riƙe ruwa ya cece shi. A shekarar ruwa, saman ya cece shi. Yana iya gaurayawa, yana iya warewa. Akwai labarin da ake yawan faɗa cewa kashi uku suke yi, na Fafaroma da na sarakuna da na sufaye, amma wannan ya fi kama da hira fiye da tarihi. Abin da ke tabbas shi ne sunan gonar ya ginu ne a kan zaɓin da mai hekta 50 ke da shi, wanda mai layi goma a bakin hanya ba shi da shi.

A 1937, lokacin da Faransa ke kafa tsarin kare sunayen gonaki, aka ba Clos de Vougeot matsayi mafi girma, grand cru, daga bango zuwa bango. Hukumar ta bi katanga, ba ta bi ƙasa ba, alhali dukkan tsarin Bourgogne ya ginu ne a kan cewa ƙasa ce ke magana. Ina ganin a nan an yi sassauci, kuma mai saye ne ke biyan kuɗinsa: kwalabe sama da 200,000 ke fita a shekara da suna ɗaya, daga hannaye da yawa, wasu sun cancanci sunan wasu ba su kai ba. Duk da haka ba zan ce a ja sabon layi a tsakiyar gonar ba. Masu rabo a ƙasa suna da hujja mai ƙarfi. An yi magudanan ruwa, shekarun zafi da fari sun yawaita, kuma an sha ganin manomi mai kula a bakin hanya ya fi malalaci a sama. Ga shi kuma iyakar da ta yi shekara 600 kafin dokar ita ma gaskiya ce, ba ƙirƙira ba. Abin da ya faru a aikace shi ne masu saye sun daina dogara da sunan gonar kaɗai, sun koma tambayar wane gida ne ya noma, kuma a wane ɓangare.

Ita fadar, rabuwa ta yi da gonar. Léonce Bocquet, ɗaya daga cikin masu sayen 1889, ya kashe dukiya mai yawa wajen gyara ta, kabarinsa ma yana nan kusa da ƙofarta. A 1920 Étienne Camuzet, ɗan majalisa kuma magajin garin Vosne-Romanée, ya saye ta. A 1934, lokacin da kasuwa ta mutu bayan karyewar tattalin arzikin duniya da haramcin giya a Amurka, sitoci suka cika babu mai saye, wasu mutum biyu na Nuits-Saint-Georges, Georges Faiveley da Camille Rodier, suka kafa ƙungiyar Chevaliers du Tastevin don jawo baƙi da liyafa. A 1944 aka sayar da fadar ga wata ƙungiyar masu son adana ta, ta zama mazaunin waɗannan mutane, a 1949 kuma gwamnati ta sa ta cikin gine-ginen tarihi. Yau ba a matsa inabi a cikinta, ba ta kuma da gona. Siton da aka gina wa ganguna ya zama zauren cin abinci na ɗaruruwan baƙi. Wani zai ga wannan faɗuwa ce. Ni dai na lura cewa babban cocin Cîteaux kansa, da aka sayar bayan juyin, rushe shi aka yi aka kwashe duwatsunsa, siton Vougeot kuwa yana tsaye domin a kowane zamani ya sami wanda ke da amfani da shi.

A watan Yuli na 2015 hukumar UNESCO ta sa gonakin wannan gangare, guda 1,247 masu suna da iyaka, cikin kayan tarihin duniya. Wannan ya ƙara kare katangu da gine-gine, ya kuma ƙara wa ƙasar tsada. Hekta ɗaya ta grand cru yanzu miliyoyin yuro ce, harajin gado kuma a kan wannan ƙima ake lissafa shi, ba a kan abin da gonar ke kawowa a shekara ba. Iyalin da suka gaji rabin hekta suna iya wayar gari da bashin harajin da amfanin shekaru da yawa ba zai biya ba. Wasu suna sayarwa, masu sayen kuma galibi manyan kamfanoni ne da attajirai daga waje. Wasu suna bin hanyar da wata dokar 1970 ta buɗe: magada su zuba ƙasar cikin kamfanin iyali, kowa ya riƙe hannun jarinsa a takarda, a ba ɗaya daga cikinsu hayar gonar na dogon lokaci ya noma, sauran su karɓi rabonsu a kuɗi ko a kwalabe.